Magajin da Ya Rantse Sai Ya Shanye Rabonsa na Ruwa

Wani ne ubansa ya rasu ya bar masa gona a bakin magudanar kamfanin ban ruwa. Gona ta gani ta faɗa, ga ƙofar ƙarfe a kanta, inda ruwa ke shigowa. Tsohon yana cikin waɗanda suka fara shiga kamfanin tun ana haƙa magudanar, don haka rabonsa na gaba-gaba ne. Ko a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, sai gonarsa ta sha ta ƙoshi kafin na baya su ga ɗigo. Duk wannan gogan naku ya gada. Hankalin tsohon ne kawai bai samu ba, da shi aka binne shi.

Shi fa noma bai dame shi ba. Ya dai dasa barkono a wani ɗan lungu don kada a ce, sauran gonar ciyawa ta mamaye. Ranar da layin ruwa ya zo kansa, sai ya ɗan ɗaga ƙofa, barkono ya jiƙa maƙoshi, sai ya sauke ta, ya koma gindin bishiya ya kifa hula a fuska.

Rannan sai ga mai makulli. Shi ne ma'aikacin kamfanin da ke zagayawa a babur, ya buɗe wa kowa makullin ƙofarsa da safe a ranarsa, ya dawo da yamma ya kulle. Ya tsaya ya zunguri ƙafar mutumin.

"Malam, tashi. Ka san ana shirin ƙwace maka ruwa?"

Ya ture hula. "Wane ruwa? Ruwan ubana?"

"Ubanka ba shi da ruwa. Ruwa na kowa ne. Izinin amfani aka ba shi, shi ka gada. Kuma doka ta ce wanda ya daɗe bai yi amfani da rabonsa ba, a karɓe a ba na bayansa a layi."

"Wa ke bayana?"

"Mijin ƙanwarka."

Sai barci ya watse. Mijin ƙanwar nan gonarsa na ƙasa da tasa, iyaka ɗaya ce ta raba su, kuma in akwai wanda gogan ya tsana a duniya, shi ne. Ba wai ya taɓa yi masa wani abu ba. Aiki ne da shi kamar inji, kullum ya wuce da fartanya a kafaɗa yana washe baki yana "Yaya, ana hutawa?"

"Wannan mai haƙoran a waje? Ya ɗauke min ƙanwa na yi shiru, yanzu kuma ruwa? Wallahi ko ɗigo ba zai lasa ba!"

"To ka yi amfani da shi. Manaja zai zo dubawa da kansa."

"Amfani kawai?"

"Amfani kawai."

"Duka?"

Mai makulli ya riga ya tayar da babur, bai ma ji tambayar sosai ba. Ya ce, "E mana," ya yi gaba.

Tsoro ya kama mutumin da gaske, don ya san gonar nan in ba ruwa fili ce kawai, ko kyauta ba mai karɓa. Ya koma gida yana ƙwafa, ya ce wa matarsa ta shirya, akwai yaƙi.

Ranar ruwansa ta zo. Mai makulli na juya baya, ya ɗaga ƙofa har ƙarshenta, ya samo igiya ya ɗaure. Ruwa ya shigo yana gurnani. Kafin ka ce me, barkono ya sha ya ƙoshi. Matarsa ta iso da abinci ta tarar ruwa ya fara rufe fangalan shukar.

"Baban yara, barkonon nan ya sha, rufe mana!"

"Barkono ne ya gaji ruwan ko ni? Koma ki kwaso wanki."

"Jiya na wanke kaf."

"A sake."

Aka sake. Aka wanke wankakku, aka wanke labule, aka wanke tabarmi, aka jawo katifa aka tsoma ta. Ruwa ko alamar raguwa bai yi ba. Ya kamo jaki ya wanke shi tas, ya duba ya ga har yanzu ruwa na zuwa, ya sake wanke shi. Da ya ɗauko soso zai koma a kansa, jakin ya tsinke igiya, sai washegari aka gan shi.

Ya fita bakin hanya ya fara tare mutane.

"Bawan Allah, zo ka yi wanka."

"Na yi a gida."

"Ba ka fita ba. Zo."

Wani tsoho ya zo wucewa a keke, ya roƙe shi ya ba shi aron keken, ya wanke, ya mayar masa. Tsohon yana godiya, gogan ya watsa masa bokiti ɗaya a ƙafafu, wai gyara.

Da mutane suka gane suka canja hanya, sai ya ɗauki kwano ya zauna a bakin ƙofa ya fara sha da kansa. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ƙara. Cikinsa ya zama randa, in ya yi taku sai ka ji ruwa na kaɗawa a ciki. Matar ta ce, "Za ka fashe fa." Ya ce, "In na fashe a cikin gonata zan fashe, ba a yi asara ba."

Yana cikin haka sai ya ji an ɗaga murya daga ƙasa.

"Yaya! Allah ya ƙara arziki! Allah ya bar zumunci!"

Ya waiga. Ashe ruwan ya cika gonar ya tsallake iyaka, yana gangarawa salin-alin cikin gonar mijin ƙanwarsa. Shi kuwa yana tsaye da fartanya yana gyara masa hanya zuwa gindin tumatir, haƙora duk a waje.

Gogan ya kusa haɗiye kwanon. Da yamma mai makulli na zuwa ya tare shi.

"Ɓarawo na kama! Ido na ganin ido yake kwasar min ruwa!"

"Shiga gonarka ya yi ya ɗiba?"

"A'a, ruwan ne ya je."

"To ai shi ke nan. Ruwan da ya fita daga gonarka ya fita daga hannunka. Haka dokar take."

"In bai fita ba fa?"

"Naka ne."

Mutumin da bai taɓa yin gumi don noma ba, sai ga shi da shebur tun safe har rana ta yi sanyi. Ya tara ƙasa, ya cika buhuna da yashi, ya ɗaga ganuwa ya kewaye gonar kaf. Ko ramin ɓera ya gani sai ya cusa tsumma. Mijin ƙanwar ya leƙo ya ce, "Yaya, in kawo hannu?" Ya ce, "Kawo, in sare shi."

Daga nan duk ranar ruwansa sai ya ɗaga ƙofa ya ɗaure. Ruwa na shiga, ba ya fita. Barkono ya nutse, ciyawa ta nutse, gindin bishiyar da yake kwanciya ma ya nutse. Kwaɗi suka tare da iyalansu. Agwagin unguwa suka daina kwana a gida. Sauro kuwa har daga nesa suke zuwa ziyara.

Matar ta zauna a kan ganuwa ta yi tagumi. "Baban yara, ni fa tsoro nake ji. Ruwan nan shi kaɗai tsoho ya bar mana mai daraja. In aka karɓe, me za mu ci?"

"Wa zai karɓa? Duk layin nan nuna min wanda ya kai ni amfani da ruwa."

Ranar dubawa manaja ya iso a mota. Tumbinsa ya riga shi fitowa, takalminsa na ƙyalli. Mai makulli na gefensa, mijin ƙanwa na biye da su yana sunne kai. Suka hau ganuwa da ƙyar. Gogan naku yana tsakiyar gona, ruwa iya ƙirji, kwano a ka, yana murmushi kamar wanda za a ba lambar yabo.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe! Shigo mana!"

Manaja ya duba gabas, ya duba yamma. "Ina gonar?"

"Tana ƙasa, ranka ya daɗe."

"Me ka shuka?"

"Barkono."

"Ina barkonon?"

"Yana ciki, yana sha."

Wata agwagwa ta wuce ta gabansu da 'ya'yanta a jere. Manaja ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya share gumi.

"Malam, doka cewa ta yi amfani. Amfanin da zai fitar da abinci. Wannan ɓarna ce, kuma mai ɓarna ya fi wanda bai taɓa ruwan ba laifi. Na ƙarshen layi suna can gonakinsu na tsagewa, kai kana nan kana kiwon kwaɗi!"

"Ranka ya daɗe, ko ɗigo fa bai fita ba. A tambayi mai makulli."

Mai makulli ya juya yana duban sama.

Mijin ƙanwar ya matso. "Yallaɓai, a yi masa haƙuri. Ni ba na son a ce na karɓe wa yayan matata..."

"Rufe min baki!" in ji gogan. "Wa ya sa da kai?"

Manaja ya ce, "An gama. Daga yau an soke rabonka, ya koma kan na bayanka. Mai makulli, kulle ƙofar nan, kada ka sake buɗewa."

Mai makulli ya kwance igiya, ƙofa ta faɗo, ya zarga sarƙa ya kulle. Matar ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Manaja ya juya zai sauka, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, yana ta kokawa da shi.

Gogan ya sauke kwano daga ka. Ya dubi ƙofar da aka kulle, ya dubi ruwan da ya kewaye shi ta ko'ina.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya."

"Ina ji."

"Yanzu ba ni da ruwa ke nan?"

"Ko ɗigo."

"Wannan da nake tsaye a ciki fa?"

"Na kamfani ne."

"To don Allah ku zo ku kwashe kayanku daga gonata, shuka zan yi."