Shaidar da na yi wa mutanen Masar

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da silima ta kwana a Dogon Dutsi ba, ko da ina son mantawar, don har yau akwai tsofaffin da in sun hango ni sai su miƙo mani hannun hagu suna dariya. Zamanin Nasara ne, kumandan na Faransa na bisa kujerar mulkinsa, ni kuma ina matashin malami, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a bakin kasuwa.

Gara in faɗi gaskiya tun da fari: ni mayen silima ne. Cin rani ya kai ni Yamai, ya kai ni Kumasi. Abokan tafiyata suka komo gida da atamfa da keke, ni na komo da fim cike da kai. Na ga na kaboyi, na ga na Indiya masu waƙa ruwa na dukansu, na ga tsofaffi na Turawa da ba a magana sai gudu da faɗuwa. Da hantsi mukan taru a rumfar Nomau tela, ni da shi da Mushe Gado, malamin lakwal, wato makarantar boko, mu yi ta gardamar wane fim ya fi wane har zaren Nomau ya ƙare bai sani ba.

To, akwai Baba Liman. Shi ya kama hannuna na rubuta alif, kuma a shekarar nan ya sa ni na'ibinsa, in ja salla duk ranar da ciwon ƙafarsa ya tashi. Ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan. Ran nan ya kira ni ya ce, "Na ji labarin rumfar tela. Wanda jama'a ke bi ga salla, ba a ganin shi wurin kallon inuwa." Na durƙusa na ce, "Na bari, Baba." (Alkawarin bai yi mani nauyi ba, tunda silima mafi kusa tana Yamai.)

Ba a yi wata ba sai ga mota ta shigo gari da ƙura, wani Balarabe ɗan kasuwa ya kawo injin silima da farin ƙyalle. Mushe Gado ya iso rumfa yana haki.

"Malam! Na Masar ne! Da Larabci suke magana!"

Wayyo ni. Na Masar ne kaɗai ban taɓa gani ba. Ƙasar malamai, ƙasar littattafan da nake karantawa, ga ta an ɗauko cikin gwangwani an kawo ƙofar gidana. Wuni na yi ina rubuta wasiƙar mutane hankalina na wurin ƙyallen.

Aka kewaye fili da zana kusa da kasuwa, aka ɗaure ƙyallen tsakanin dirkoki biyu, aka jera benci a gaba. Ranar kuwa ƙafar Baba ta tashi, ni na ja lisha, da surorin da suka fi kowanne gajarta (Allah ya yafe mani). Shiga ta ƙofa bai taso ba, duk gari zai gan ni. Sai na lulluɓa da bargo na zagaya ta bayan ƙyallen, inda mutanen Matankari suka ɗaure jakunansu. Na tsuguna a tsakaninsu. Ƙyallen shara-shara ne, hoto na fitowa ta baya tangaram.

Kai, jama'a! Na ga kogi da jiragen ruwa masu tanti, na ga hasumiyar masallaci ta tokari sama. Labarin wani attajiri ne da ɗansa ya ɓace tun yana jinjiri, ya girma ya zama masunci, uban na sayen kifi a hannunsa bai san jininsa ba ne. Larabcinsu gudu yake, amma nakan cafke kalma nan da can, in ji kamar an ba ni kyautar doki. Na yi kuka har bargona ya jiƙe.

Abu ɗaya ya tsaya mani a rai. Attajirin nan ya yi bisimilla, ya sa hannun hagu a akushi. Masunci ya miƙa gaisuwa da hagu. Har wani dattijo mai rawani, da hagu ya karɓi ruwa ya sha. Rubutun da ke saman shaguna ma juye yake, yana tafiya daga hagu kamar na Nasara. Na ce a raina, "Innalillahi, ashe haka Masar ta koma."

Da safe aka yi suna a gidan Nomau, matarsa ta haihu. Baba Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, aka shiga rabon goro. Hira fa duk ta silima ce. Na sunkuyar da kai ina jan tasbaha kamar ba da ni ake ba. Na daure, na daure, har Mushe Gado ya ce wai masuncin ɗan ƙanen attajirin ne.

"Ɗansa ne na cikinsa!" Bakina ya riga ni. Na waiwayi Baba na ƙara da, "Haka aka ce mani."

Daga nan igiya ta tsinke. An ce mani kaza, an ce mani kaza, har na miƙe tsaye ina kwatanta yadda ake jefa taru. Sai na gyara murya irin ta masu wa'azi na ce, "Abin takaici dai, mutanen Masar sun saki sunna. Da hagu suke cin abinci."

Nomau ya ce, "Wane hagu? Dama munka gani."

"Hagu ne."

"Malam, mu hwa muna wurin. Wanda ya ba ka labari bai da ido."

Jinina ya hau. A taɓa ni a kan komai, ban da silima. Na buga ƙirji na ce, "Wallahi da idona na gani! Har rubutunsu juye yake!"

Mushe Gado ya miƙe a hankali, ya roƙi Baba takardar da aka rubuta sunan jariri, ya ɗaga ta wajen rana, ya juyo mani da bayanta.

"Haka ka ga rubutun?"

"Haka! Haka ɗin nan!" Har da murnata.

"To, Malam, ba mai ganin haka sai wanda ya zauna bayan ƙyalle."

Nomau ya faɗi bisa tabarma yana riƙe da ciki. "Ashe kai ne! Muna jin sheshsheƙa ta baya, munka ce wane irin jaki ne wanga mai tausayi!"

Da ƙasa ta tsage da na gode mata. Mata a cikin gida ma sai da suka leƙo. Baba Liman kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɓare goronsa, ya tauna, sannan ya ce, "Alkawarin da ka karya, tsakanina da kai ne. Amma ka tashi cikin taro ka yi wa musulmin ƙasa guda shaidar zur, har da rantsuwa. Ka yi kaffara. Kuma daga yau har watan azumi, sahun baya ya ishe ka."

Na ɗauki buzunsa na raka shi gida, ina bin sa kamar kazar da ruwa ya daka. Mun kusa ƙofa sai ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya rage murya.

"Af. Wai attajirin nan, ya gane ɗan nasa daga baya?"

Muka zauna a zaure na ba shi labari tun daga farko har azahar ta yi. Da aka kira salla kuwa, bai sassauta ko kaɗan ba, sahun baya ya nuna mani da sanda.

Na yi watannina a can, aka laƙaba mani Malam Bahago, sunan ya zauna daram. Tun ran nan, in na ga jama'a duka sun karkace ni kaɗai ne a miƙe, ba na gaggawar rantsuwa. Nakan fara duba wurin da na tsuguna, da waɗanda ke maƙwabtaka da ni.