Gwabzawar Jatau da Giwan Ruwan Tiga

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin Jatau ɗan Barmo jikan Tankari, tsatson mazajen da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Mai ɗaukar hoto ne, sadaukin hoton fasfo, Barden katin makaranta, gwarzon da ke ce wa dagaci "ɗago haɓa" ya ɗago ba musu.

Asalin fitinar, Jatau ya rantse a majalisar mai shayi cewa ya ga giwan ruwa a dam ɗin Tiga, kifi mai tsawon kwalekwale. Majalisa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta raɗa masa Jatau Kwalekwale, wato maƙaryaci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya sha alwashin kawo hujja.

Ya ɗaura ɗamara ya dira Kano, shagon Ilu mai kyamara, inda aka jera masa gilasan kyamara iri-iri. Bayan tadabburi da mushawara da shafa gemu, ya daka tsawa: "Ba ni mai faɗin! Kifina ba ya shiga ƙaramin gilashi!"

Ilu ya ce, "Maigida, wannan fa sai ka matsa dab da abu, in ba haka ba ƙanƙantar da shi yake."

Amma yaushe sadauki ya tsaya jin nasihar ɗan kasuwa?

Ranar gumurzu da hantsi, ya sa kyamara cikin kwanson roba mai hana ruwa, ya shiga dam ɗin, ya keta haddin kakanni har ƙugu, ya yi kirari, "Sai ni ɗan Barmo!" ya nutsa kai. Sai ga giwan ruwan, wallahi ƙato kamar yadda ya faɗa. Maimakon matsawa, gogan naka ya ja da baya, ya zame, ya faɗi rigingine ƙafafu sama, yana ta latsa maɓalli yana shan ruwa.

Gilashi mai faɗi bai ci amana ba, komai ya kwaso: ciyawa, laka, tsohon silifa, kifin can nesa kamar ƙwayar shinkafa, da babban yatsan ƙafar Jatau da ya cinye rabin hoton.

Baba Makau, dattijon majalisa, ya daɗe yana duba hoton, sannan ya ce, "Jatau, mun yarda akwai dodo a Tiga. Sai dai a taimaka a yanke masa farce."