Hukuncin Mai Karya Farashi

Kun taɓa jin an kai mutum ƙara don ya yi kyauta da abinsa? To, a kasuwar 'yan waya ta garinmu an yi, kuma Tasi'u aka kai.

Tasi'u dai ya gama karatun kwamfuta ya samu ɗan tebur a kasuwar. Shi ya rubuta wata manhaja da masu kemis ke lissafin magungunansu da ita, ya ɗora ta a intanet a buɗe: kowa ya sauke, kowa ya gyara yadda ya ga dama. Alhaji Namadi mai babban shagon bakin ƙofa ya sauke, ya sa aka canza mata launi daga shuɗi zuwa kore, ya laƙaba mata sunan kamfaninsa, ya shiga sayarwa har da talla a rediyo. Kasuwa na tafiya, sai masu kemis suka gano akwai shuɗiya kyauta. Cinikin Alhaji ya tsaya cak.

Alhaji bai yi wata-wata ba ya tafi wurin ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan kasuwar. A dokar kasuwar, duk wanda ya karya farashi tebur ɗinsa ake fitarwa waje, kuma Tasi'u ba shi da wani wurin zama sai wannan.

Da aka zauna, Tasi'u ya ɗauko bayani kan yadda ilimi ke bunƙasa in an bar shi a buɗe. Ciyaman ya saurara yana duba wayarsa, sannan ya tambaye shi nawa yake sayarwa. Ya ce kyauta ce. Ciyaman ya ce tunda yake shugabanci bai taɓa ganin karya farashin da ya kai wannan ba.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ya sa jarinsa, ya biya rediyo, yaro ya zo yana raba kayan kamar ruwan sadaka. Mu fa iyali gare mu."

Ciyaman ya yanke hukunci: ko Tasi'u ya sa farashi daidai da na Alhaji, a kan kowane kwafi, ko ya kwashe teburinsa kafin la'asar.

Tasi'u ya dubi ƙasa, ya ɗago.

"Na bi doka, ranka ya daɗe, na sa farashi. Alhaji, kwafi nawa na manhajata ka sayar, in yi maka lissafin kuɗina?"