Malam Numfashi da Hawan Jinin Alhaji

Ko tsufa ya kai ni matakin da zan riƙa neman hular da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a wani ƙaramin asibiti a Azare ba. Har yau in ta faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na sunkuyar da kai.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa garin ba, ni kuma ina shekarar ƙarshe a kwalejin koyon aikin lafiya. Likita na so zama, jarrabawa ta ce ba ta san zancen ba, sai na tsinci kaina a sashen kiwon lafiyar al'umma ina ta ƙunci. Ana nan aka kawo mana wani malami da ya yo kwas a Kudu, ya zo mana da abin da ya kira duba mutum ɗungurungum. Ya ce ciwo ba a jiki kaɗai yake zaune ba. Abin da mutum ke ci, barcinsa, damuwar da ke cin ransa, zamansa da iyalinsa, duk sai an duba kafin a miƙa masa ƙwaya. Maganar gaskiya ce, da ita nake cin abinci har gobe. Abin da aka yi rashin sa'a shi ne ta faɗa kunnen mutum irina.

Nan take na zama wani abu daban. Na sayi gajeren wando na fara gudu a bayan gari da sassafe, manoma masu tafiya gona suna tsayawa su duba ko wani abu ne ya biyo ni. Na daina shan sukari, na kuma ɗauki alhakin hana duk wanda na sani sha, har mai shayin unguwarmu ya daina amsa gaisuwata. Ba a gama gaisawa da ni sai na tambayi mutum ko ya sha ruwa yau.

A wannan halin nake neman Saratu. 'Yar Disina ce, tana karatun koyarwa a Azare, tana zaune a gidan ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Asabe. Sauran samari in sun je zance turare suke kaiwa. Ni nasiha nake kaiwa. Daga zaure nake jin ƙamshin miya in aika ciki a ce wa Gwaggo a rage magi da gishiri. Wata rana aka ce kanta na ciwo, na nemi izini na shiga, na zaunar da ita da maƙwabtanta a tabarma na koya musu yadda ake numfashi (matan da suka haifi sa'o'ina, suna numfashi tun kafin a yi auren uwata). Na ga suna ta rufe baki da mayafi, na ɗauka mamakin ilimina ne ya kama su.

Mahaifin Saratu kuwa ban taɓa sa shi a ido ba. Yana can Disina yana nomansa da fataucin wake, magabatana ba su kai ga zuwa ba tukuna, ni kuma kunya ba ta bar ni ko in wuce ta ƙofar gidansa ba. Abin da na sani kawai, Saratu ta ce mutum ne mai sanyin magana da ba ya mantuwa.

To, a wannan Talatar muna koyon aiki a asibitin. An ba ni wani ɗan lungu da labule, da tebur, da gadon gwaji, inda ake turo masu hawan jini da ciwon sukari bayan sun ga likita, in ba su shawara kan ci da sha. Mai kula da mu wata Sista ce, Bayarabiya haifaffiyar Azare, Hausarta ta fi tawa. Teburinta na bayan labulen, tana jin duk abin da ake faɗa.

Sai ga wani dattijo ya shigo, dogo, mai furfura a gemu, da babbar riga ruwan ƙasa. Ya yi sallama, ya zauna, ya dubi farar rigata.

"Sannu da aiki, likita."

Ya kamata in ce masa ni ɗalibi ne. Sai na gyara zama na ce, "Yauwa Alhaji, sannu da zuwa." Ko sunansa ban tambaya ba, balle garinsu. Ina sauri in fara aiki ɗungurungum.

Na kuwa yi. Na tambaye shi goro nawa yake ci a wuni, na girgiza kai. Na sa ya kwanta, ya yaye riga, na zagaya cikinsa da tef irin na tela, na ɗan bubbuga na ce, "Alhaji, wannan tumbin ba arziki ba ne, ciwo ne." Na tambaye shi yadda yake fita bayan gida, da tauri ko da laushi, kullum ko sai an kwana biyu. Ya dube ni, ya dubi rufin ɗaki, ya amsa a hankali. Ban tsaya nan ba. Na rage murya irin ta manyan likitoci na tambaye shi yaya sha'anin iyali, ko akwai rauni ta wannan fannin.

"Likita," in ji shi, "ciwon kai fa na zo da shi."

"Komai haɗe yake, Alhaji," na ce.

Na koya masa numfashi: a ja ta hanci, a riƙe, a saki ta baki sannu a hankali. Ya yi, bawan Allah, don ya ga alamar ba zan sake shi ba sai ya yi. Sannan na ɗaura masa abin awon jini a dantse, na zo kan tambayar da na fi ji da ita.

"Yanzu faɗa mini gaskiya, Alhaji. Akwai abin da ke damunka a rai? Wanda ke hana ka barci?"

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Akwai. 'Ya gare ni a nan garin, tana karatu. To wani yaro ne ya liƙe mata. Ba sana'a, ba gona, ba a san inda ya dosa ba. Sai surutu. In na kwanta na tuna wai wannan zan ba 'yata, sai in ji kaina na sarawa."

Wallahi daɗi ya kama ni. Ga abin da malaminmu ke faɗa ya fito fili a gabana: ciwon a dantse ake auna shi, amma saiwarsa na wani wuri. Ban bari ya ƙarasa ba.

"Alhaji, mun gano ciwon! Wannan yaron shi ne hawan jininka. Ko buhun magani aka ba ka, muddin yana zuwa gidan nan, aikin banza ne. Irin waɗannan samarin na san su, cike suke da gari, ba abin da suka iya sai daɗin baki. Ka kore shi. Yau, ba gobe ba. Kar ka bari ya ƙara taka ƙofar gidan."

"To ai yarinyar na son sa."

"Ƙuruciya ce da rashin wayo. Yarinyar da ta san ciwon kanta ba za ta tsaya sauraren irin wannan ba. Za ta yi kukanta ta share hawaye. Lafiyarka ta fi."

Alhaji ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki, ka ce na sauke masa kaya.

"Allah ya yi maka albarka, likita. Ka ga kai da hankali. Shi wancan, ƙanwata ta ce wai shi ma karatun asibiti yake, amma ba likita ba ne, ba mai allura ba ne, ba a dai san sunan abin ba. In an ce masa likita kuma sai ya amsa, ko kunya babu."

Na ci gaba da matsa 'yar robar awon. Na ce a raina ɗalibai ai da yawa.

"Wai da sassafe sai ya tuɓe ya sa ɗan wando iya cinya ya kama gudu a jeji, ba wanda ya kore shi. Ƙato da shi."

Masu gudu ma ai ba ni kaɗai ba ne, na ce wa kaina. (Ni kaɗai ne. Duk faɗin Azare ban taɓa cin karo da na biyu ba.)

"Bai ajiye ko ƙwayar gero a gidan ba, amma daga zaure yake aikawa a rage gishiri a miya. Ran nan kuma wai ya tara matan unguwa yana koya musu..." Ya tsaya. Ya dube ni da kyau. Na ga yana tuna abin da na sa shi yi ɗazu. Ya ƙarasa a hankali, "...numfashi. Har suna suka sa masa. Malam Numfashi."

A ranar na fara jin sunan. Bayan labule na ji Sista ta yi wani irin tari, kujerarta ta yi ƙara.

Ban san ina ta matsa robar ba sai da Alhaji ya ce, "Likita, hannun zai tsinke." Kafin in sassauta, aka ɗaga labule. Saratu ce, riƙe da ledar magani.

"Baba, na karɓo, sun ce a sha bayan..." Ta gan ni. Ta ga mahaifinta, riga a yaye, tef ɗin tela a kan cinyarsa. "La! Kai ne a nan?"

Alhaji ya sauke rigarsa a natse, ya gyara hula.

"Saratu, wannan ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ita ke nan amsar.

Na zame daga kujera na durƙusa a ƙasa, abin sauraren ƙirji na lilo a wuyana. Na buɗe baki in yi gaisuwar da ta dace da suruki, wadda na daɗe ina shiryawa a raina, amma abin da ya fito shi ne, "Baba... an zo lafiya? Ya... ya hanya?" Mutumin da na gama tambaya yadda yake fita bayan gida. Numfashina ya sarƙe har na fara haki.

Alhaji ya leƙo ni daga kan gado.

"Ja ta hanci," ya ce. "Riƙe. To saki ta baki, sannu a hankali."

Na kuwa yi. Me zan yi in ban yi ba? Sista ta kasa daurewa, ta fita da gudu, muna jin dariyarta har daga wurin masu karɓar kati.

Da zai tafi ya tsaya a bakin labule, ya juyo, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Yaro, ni mutum ne mai bin dokar asibiti. Likita ya ce in kore ka yau, ba gobe ba. To na kore ka."

Haka aka yi. Aka rufe mini zauren Gwaggo Asabe, na kuma samu labarin a daren ranar miyar gidan ta sha magi har da na ramuwa. Wadda ta fi ba ni wuya Saratu ce, don tun a mota Alhaji ya karanta mata abin da na ce game da ita, kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Na kira wayar Gwaggo, aka ba ta, ta ce, "Wace Saratu kake nema? Mai rashin wayon?" ta kashe. A kwaleji kuwa kafin Juma'a ko masu gadi Malam Numfashi suke kirana.

Sai da damina ta wuce kawuna ya shirya ya tafi Disina ba da haƙuri. Ya dawo yana dariya har da hawaye. Wai Alhaji ya saurare shi tsaf, sannan ya ce shi fa bai ga laifin yaron ba, don tun da yake bai taɓa ganin saurayin da ya faɗi gaskiya a kan kansa kamar wannan ba. Sharaɗinsa ɗaya: in gama karatun nan da ba a san sunansa ba, in samu aikin da ake biya a ƙarshen wata, in kuma fita harkar miyar ƙanwarsa. Na cika duka. Shawo kan Saratu ya fi su wahala, amma shi ma Allah ya yi.

Yanzu ina aiki a wata cibiyar lafiya a ƙasar Katagum, Saratu na koyarwa, yaranmu sun fara tasawa. Alhaji na nan da ransa, jininsa ya daidaita, ya ce magani ne da rage goro, ba wani abu ba. In ya zo Azare ba ya yarda kowa ya auna shi sai ni. Na sha roƙonsa ya je wurin abokin aikina, sai ya ce, "Wanda ya riga ya ga cibiyata, me kuma zan ɓoye masa?" Ina auna shi kaina a ƙasa, shi kuma yana kallon bango yana murmushi.

Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, nakan gaya musu su duba mutum ɗungurungum, amma su fara da sunansa da garinsu. In kuma marar lafiya ya ce wani ne ke tayar masa da jini, a bar shi ya kai ƙarshen zancensa kafin a yanke hukunci, don wani lokacin ciwon da yake ba da labari shi ne zaune a gabansa yana auna shi.