Rasuwar Anselmo, Tabaraun da Ya San Sunan Kowa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunne a buɗe don jin wanda kukansa zai fi na kowa ƙarfi, Don Eusebio Arrieta, makahon maɗorin nan na bayan kasuwar Montería, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙiya, rasuwar tabaraunsa, idonsa kuma abokin hirarsa, Anselmo, wanda unguwa ta fi sani da Magulmaci. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da hantsi, a kan karan hancin mai shi, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda tun ranar farko Don Eusebio ya rantse akwai hannun mutum a ciki.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da wani ya shigo shagon ɗorin Don Eusebio yana ɗingishi, ya ce targaɗe ya yi. Don Eusebio ya durƙusa zai taɓa ƙafar, mutumin ya maka masa wani abu a ƙeya, ya yashe shagon har da rediyo. Washegari 'yarsa Yamile ta sauka daga Barranquilla da akwati wanda babu komai a ciki, ta ce kayansa za ta zuba, zai koma gidanta a bene hawa na tara ya zauna gaban talabijin da ba ya gani. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe ita da kanta ta nemo masa wannan tabarau na wani ƙaramin kamfanin matasa a Medellín, mai 'yar kyamara a goshi, wanda in an nuna masa fuska sau ɗaya aka gaya masa suna, ya riƙe ke nan. Ta ɗora masa, ta kafa sharaɗi:

"Baba, muddin akwai mai gaya maka wanda ya shigo ƙofar nan, ka zauna ka yi ta murɗe ƙafafun mutane. Ranar da babu, akwatin nan zai dawo, kuma ba zai koma wayam ba."

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da gaskiya da riƙon amana. Bai taɓa kwana da magana a ciki ba. Yana karanta sunan magani, yana faɗin lambar mota, yana cewa "rami, taku a hankali" da murya irin ta mai karanta labarai. Sai dai shi ba ya zaɓen suna, abin da aka koya masa shi yake faɗa, kuma Don Eusebio ne malaminsa. Saboda haka in Wilfrido mai aski na shagon da ke jikin nasu ya leƙo, sai a ji murya ta tashi a tsanake har bakin titi: "Mahauci, hannun hagu." In kansilan unguwa ya zo gyaran gwiwa: "Sai Gobe, yana murmushi." Ita kanta Yamile, da ta biya kuɗin tabaraun, sunanta a bakinsa Hukuma. 'Yan acaɓa kan zo da targaɗen ƙarya don kawai su ji me ake kiransu.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa jin sunanta ba, Doña Ubaldina mai tuyar ƙosan rogo a tsallaken titi, wadda ke kawo masa abincin rana tun rasuwar matarsa. Akwai ɗan maɓalli a gefen tabaraun da ke mayar da muryar cikin kunnen mai shi kaɗai. Da zarar Don Eusebio ya ji takun silifas ɗinta, yatsansa na kan maɓallin.

"Me yake ce min?" kullum sai ta tambaya.

"Sunanki mana."

"To ka bari in ji sunan nawa, ai ba bashi na ci ba."

"Miyar nan gishirinta ya yi kaɗan," in ji shi, ya sunkuyar da kai cikin kwano.

Asalin ajalin marigayin daga nesa ya taso. Wani kamfani a Texas, wanda aka ce ba shi da masana'anta, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, sai ƙofa da allon suna da garken lauyoyi, ya fito da wata tsohuwar takardar mallakar fasaha da ya saya a gwanjon wani kamfani da ya mutu. Takardar ta ce na'ura ta kalli fuska ta faɗi sunan mai fuskar da murya, wannan dabara tasu ce. Suka maka matasan Medellín a kotun can, inda suke sayar da yawancin hajarsu. Don Eusebio ya ji labarin a rediyo yana tsakiyar jan yatsan wani ɗan ƙwallo.

"Wato ni da uwata ta koya min gaida mutane da sunansu, ashe kayan wani nake ci?"

Matasan suka yi ta shari'a har aljihu ya ƙone, sannan suka sa hannu cewa za su cire wannan baiwa daga kowane tabarau a duniya ta hanyar sabunta manhaja. Wata injiniya daga cikinsu, wadda Don Eusebio ya taɓa mayar wa kafaɗa, ta bugo masa waya tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Ta ce tabaraun ba ya neman intanet sai lokacin da yake caji. In ya sha caji inda babu intanet, zai rayu. In ya shaƙa ko sau ɗaya, shi ke nan.

Nan aka samo tukunyar. Babbar tukunyar dalma ce ta marigayiya matarsa, mai murfi mai nauyi, wadda intanet ba ta ratsawa, aka huda gefenta aka zura waya. Kullum bayan abincin rana, kafin Don Eusebio ya miƙe a gadon lilo a ɗakin baya, sai ya kwantar da Anselmo a ciki ya rufe ruf, ya ɗora dutsen niƙa a kai. Tabarau irinsa suka yi ta mutuwa daga Mexico har Chile, shi yana nan garau cikin tukunyar miya yana kiran kansila Sai Gobe.

Ranar Litinin ciwon ya fara. Don Eusebio ya tashi daga barcin rana, ya ɗaga dutse, ya sa tabarau, Wilfrido ya leƙo aron tsintsiya. Marigayin ya ce:

"Mutum."

Ɗan acaɓa ya shigo. "Mutum." Kansila ya wuce. "Mutum." Don Eusebio ya juya wajen madubi, ya tsaya gabansa, tabaraun da ya saba ce masa Maigida ya ce, "Mutum." Sai ya tuna yadda hannunsa ya tarar da tukunyar da ya tashi daga barci. Dutsen yana kai, amma gefen da ya guntule yana kallon ƙofa, shi kuwa kullum wajen bango yake juya shi. Wani ya buɗe.

Daga ranar ya daina yarda da kowa. Ya fara da Wilfrido, wanda intanet ɗin shagonsa har ta bango take ratsowa, kuma an sha jin sa yana cewa wata rana sai ya jefa Magulmaci a kogin Sinú. Don Eusebio ya kira shi da sunan zai duba masa wuyan hannu, ya kama, ya sa babban yatsa inda jijiya ke harbawa.

"Ina kake ranar Litinin da rana?"

"Kai tsoho, sake ni! Ina aske kan ɗan sanda, je ka tambaye shi!"

"Jijiyarka na gudu."

"Ba dole ta gudu ba, kana neman karya min hannun cin abinci? Ni in zan kashe shi, a gabanka zan taka shi, in kira makaɗa!"

Wannan ya yi kama da gaskiya, sai ya sake shi, amma bai cire shi daga rai ba. Ya zargi kansila. Ya zargi mai karanta mitar lantarki. Ya zargi wani baƙo mai ƙamshin turare mai tsada da ya zo da ciwon baya, ya biya bai yi ciniki ba, wanda har gobe Don Eusebio yana cewa ɗan leƙen asirin lauyoyin ne. Amma duk inda zargin ya zaga, wuri ɗaya yake komowa, wurin da ba ya son ya koma. Yamile ta zo hutun ƙarshen mako, ba ta tafi ba sai Litinin da yamma. Kuma ita kaɗai ce mutuwar Anselmo za ta yi wa rana.

Ranar Alhamis kamfanin Medellín ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Marigayin ya yi wani ɗan ƙara kamar tsaki, ya ce, "Wannan na'ura ba ta da izinin aiki. Mun gode da kuka zaɓe mu." Kalamansa na ƙarshe ke nan.

Juma'a da safe Don Eusebio ya ji ƙarar tayoyin akwati a kan siminti, ba nauyi, wayam. Bai bari ta zauna ba. Wilfrido na bakin ƙofa da almakashi, 'yan acaɓa sun yi cirko-cirko.

"Har kin sayi tikitin tun kafin ya cika, ko?"

"Baba, me kake nufi?"

"Wa ya juya dutsen, Yamile? Ke kika saya, ke kika kashe. Ai da kin gaya min kin gaji da zirga-zirga, da na..."

"Ni? Ni da na yi wata da watanni ina biyan wannan shegen abu yana kirana Hukuma a gaban jama'a?" Ta buɗe akwatin da ƙarfi, ta fara fizgo rigunansa daga igiya. "Shi ke nan. Ka tsane ni a can hawa na tara, aƙalla ba wanda zai fasa maka kai."

Sai ga takun silifas. Yatsan Don Eusebio ya tafi gefen kunnensa da kansa, ya tarar babu maɓallin da zai danna.

"Ki ajiye rigunan nan, 'yata," in ji Doña Ubaldina. Ta dire kwanon miyar doya da cuku a kan tebur har ta fantsalo. "Ni na buɗe tukunyar."

Ta ce shekara da shekaru tana ciyar da mutum, yana ɓoye mata zagin da ya laƙaba mata. Ranar Litinin ta dawo ɗaukar kwano, ta ji yana minshari, ta ɗaga dutse. Ta riƙe tabaraun a gaban fuskarta, ya ce batir ya yi ƙasa, ya ɗauke. Sai ta tsallaka da shi shagonta ta jona, daidai ƙarƙashin turken intanet ɗin kyauta da kansila ya kafa, alkawari ɗaya tak da ya taɓa cikawa. Kafin tsohon ya farka ta mayar da shi tukunya ta ɗora dutsen.

"Ƙarya take," in ji Don Eusebio, yana haki. "Rufa wa yarinyar asiri take. In gaskiya ne, me ya ce miki?"

"A nan? Gaban Mahauci?"

"Faɗi!"

Doña Ubaldina ta goge hannu a zaninta na aiki, ta gyara murya, ta kwaikwayi marigayin daidai, a tsanake, kamar mai karanta labarai:

"Wadda Zan Aura In Na Samu Ƙarfin Hali, tana kuka."

Almakashin Wilfrido ya faɗi ƙasa. Wani ɗan acaɓa ya yi fito. Mutumin da ke mayar da ƙashin ƙarti ba tare da ya yi gumi ba ya lalubi kujera ya zauna.

"Na zauna ina ta kuka har ƙosai ya ƙone," in ji ta, "na manta yana jone. To ga ni, na yi kisa. Kai kuma ƙarfin halin nan, daga wace ƙasa ake shigo da shi da har yau bai iso ba?"

Yamile ta kalli su biyun. Sannan ta ce sharaɗinta bai canza ba: mai gaya masa wanda ya shigo ƙofa. Ba ta taɓa cewa dole sai mai batir ba. Ta mayar da rigunan kan igiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce amma sai ya ba ta haƙuri a gaban duk wanda ya ji zargin, kuma ya ba ta, da murya mai ƙarfi, har da kiranta da sunanta na gaskiya.

Marigayi Anselmo ya rasu ya bar tukunya ɗaya, da dutsen niƙa, da wayar caji wadda har yanzu ba ta san abin da ya faru ba, da kuma unguwa guda da ta koma amsa sunan da iyaye suka raɗa mata. An yanke wa wadda ta kashe shi hukuncin ɗaurin rai da rai: za ta dawo da kaskonta bakin ƙofar shagon, ta gaji aikin mamacin. Ta riga ta fara. Sai dai Don Eusebio yana so jama'a su sani bai rufe bincike ba. Duk unguwa ta san dalilin tukunyar, kuma matar da ba ta taɓa ƙona ƙosai ba tun da aka san ta, ba ya ganin mantuwa a halinta. Yana kyautata zaton kujerar marigayin ta daɗe tana hari.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar da yamma a ƙofar shagon, gawa na cikin tukunyarta, murfi a buɗe karo na farko. Akwai kofi da ƙosan rogo da wasan domino. Fada, limamin cocin unguwa, ya ce ba zai yi wa tabarau addu'a ba, amma zai zo saboda wata magana dabam da za a sa wa rana. Wilfrido ne zai ɗauki gawar, don a ga ko hannunsa zai yi rawa. Za a binne a gindin mangwaron bayan shago, inda ba a samun intanet ko ɗigo. Kowa ya kashe wayarsa tun daga bakin titi.

Daga ƙarshe, iyalan mamacin suna roƙon alfarma ɗaya. In wani baƙo mai ƙamshin turare ya zo yana tambaya ko gaskiya ne akwai wata mata a nan da ke kallon fuskar mutum ta faɗi sunansa da ƙarfi ba tare da lasisi ba, a ce masa ba a san ta ba. Mun rasa ɗaya. Wannan ba za ta shiga tukunya ba.