Cindo da Gwangwanin Sukarin Iya

A ƙauyen Kanyar Gabas akwai wani mutum da ake kira Cindo, saboda an haife shi da yatsu shida a hannun hagu. Masu tsokana kan ce abin da aka ƙara masa a hannu daga kansa aka ciro. Ni dai ban yarda ba. Cindo na da kai, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Ya haura shekara talatin, su biyu ne a gida, shi da mahaifiyarsa Iya Tabawa, mace mai jiki, mai faɗa, wadda ba ta shan koko sai da sukari cokali huɗu. Da can ita ce gwanar saƙar faifai a garin, amma shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, ba ta gani sai dishi-dishi.

Wata rana ya riƙe mata sanda suka tafi ɗakin shan magani. Malama Hajaru, ma'aikaciyar wurin, ta gwada jinin Iya, ta ɗora ta kan sikeli, ta riƙe baki.

"Iya, likitocin ido za su zo nan da wata biyu, kyauta za su cire miki yanar nan. Amma in sukarin jininki bai sauka ba, ba za su taɓa idon ba, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Jikin nan ma sai an rage. Cindo, daga yau kada sukari ya ƙara shiga gidanku."

Cindo ya ce, "An gama, Malama."

Suna komawa ya ɗauko gwangwanin sukari ya rataye shi a bishiyar darbejiya ta ƙofar gida. Kullum da safe sai ya shimfiɗa tabarma a bakin hanya, ya fito da Iya, ya zuba mata cokali huɗu cif. Kwana biyar ana haka, Iya na shan iska tana sa wa Malama albarka. Ran na shida Malama ta biyo ta hanyar ta gan su.

"Cindo! Me na ce maka?"

"Wallahi bai shiga ba, Malama. Ko zaure bai leƙa ba."

Wata rana kuma Malama ta ba shi wata 'yar kwalba cike da ƙwayoyi farare, ƙanana kamar tsabar gero. Ta ce wannan zaƙin bature ne, yana daɗaɗa baki amma ba ya tayar da sukarin jini. "Duk inda kake sa mata sukari, ka sa wannan." Abin da ta manta ta faɗa shi ne ƙwaya ɗaya tak ake jefawa. Cindo ya san ma'aunin Iya sarai. Ya cika cokali huɗu, kwalbar ta ƙare kaf, ya dama. Iya ta kurɓa, sannan ta fesar har kan tunkiyar maƙwabta. Zaƙin ya yi yawa har ya koma ɗaci.

"Kashe ni za ka yi, ɗan nan? Guba ka ba ni?"

"A'a Iya, na bature ne."

"To ka mayar wa baturen, ya sha shi da uwarsa!"

Kwana uku duk abin da ta sa a baki, har miyar kuka, zaƙi-zaƙi take jin sa.

Wata rana maƙwabcinsu Baba Jatau mai zuma ya ji labari. Shi kuwa ba abin da ya tsana kamar kayan kwalba. Ya kira Cindo ya ce, "Ku bar wahalar da baiwar Allah. Zuma Allah ne Ya yi ta, ba inji ba. Ka je ka gwada, tururuwa ba ta kallon ƙwayar nan. Abin da tururuwa ta ƙi, kada ka ba ɗan Adam." Maganar ta zauna wa Cindo daram. Daga ranar, duk abin da Iya za ta ci sai ya fara kai shi bakin ramin tururuwa ya tsuguna yana jiran hukunci. Suka karɓi zuma hannu bibbiyu. Suka karɓi tuwo. Suka ƙi maganin ciwon sukari da Malama ta bayar, saboda haka Cindo ya ajiye shi a kan katanga. Iya ta yi mako guda tana cin abinci mai sanyi, tana tambayar abin da ke mata yawo a harshe.

Da aka koma gwaji, sukarin ya fi na farko hawa. Saura kwana arba'in likitoci su zo. A nan ne Iya ta ce a hankali, "Ke nan haka zan mutu ban ƙara ganin hannuna ba." Cindo ya tsorata ƙwarai, don bai taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba.

Malama Hajaru ta dafe kai. "Cindo, ka saurare ni. Zuma ma sukari ce a jinin Iya. Maganin nan ka ba ta kullum, ka rabu da tururuwa. Sukarin, da zumar, da sabuwar kwalbar zaƙin bature da na sake ba ka ma tunda kun kasa, ka tattara su ka yi nesa da ita da su. Nesa, ka ji ko? Kada su kusance ta."

Washegari da sassafe, Iya ta nemi sukari. Cindo ya ce ya zuba komai a buhu ya kai bukkar gonarsu, can bayan rafi. Ta ce ya ɗauko. Ya ce Malama ta hana. Ta yi zagi, ta yi lallashi, ta tuna masa wata tara da ta yi tana ɗauke da shi, bai motsa ba. Sai ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Ai ba ta hana ni zuwa ba. Wuce mu tafi." Cindo ya yi tunani ya ga gaskiya ne, ya wuce gaba. Ta san hanyar da ƙafa, ta bi shi tana haki, tana hutawa a gindin kowace bishiya. Har ta fara jin ƙanshin zuma, sai Cindo ya dubi buhun, ya dubi Iya, ya ga ai sun kusanci juna. Ya sungumi buhun ya ƙara gaba.

"Ina za ka da shi?"

"Nesa, Iya. Kin matso."

Ta bi shi da sanda. In ta matso sai ya matsa, gwangwani na ƙara a cikin buhu, ita kuma tana bin ƙarar. Da rana ta take suka dawo gida, ta shanye ruwa kwanon sha biyu, ta sha kokonta salam, ba sukari, don yunwa.

Da wata macen ce da ta haƙura. Ban da Iya Tabawa. Ta rantse sai ta kama shi, kuma kullum da safe sai an fita. Manoma suka riƙa gane lokacin karin kumallo da wucewarsu: Cindo a gaba da buhu, Iya a baya tana ambaton kakanninsa, waɗanda nata ne ita ma. Mako na biyu ta daina hutawa a gindin bishiya. Mako na huɗu ta sake ɗaurin zane, Cindo kuwa sai da ya fara haɗawa da gudu. Wata safiya ma ta manta da zancen sukarin, ta ce masa kawai, "Ɗauko buhunka, rana na yi."

Ranar da likitoci suka zo, Malama ta gwada jinin sau biyu don ba ta yarda da na farko ba. Ta ce, "Ikon Allah! To wanne kuka zaɓa a ƙarshe, zumar ko ƙwayar?"

Cindo ya ce, "Duk suna cikin buhu, Malama. Ba ta kama ni ba."

Aka yi aiki. Washegari likita ya kwance bandejin, ya ja wa Cindo kunne cewa kada ruwa ya taɓa idon har mako biyu. Iya ta buɗe ido a hankali. Ta ga tafin hannunta. Ta ɗaga kai ta ga ɗanta tsaye, ya rame, ya yi baƙi, kafaɗarsa ta yi kanta wurin da igiyar buhu ke zama. Ta kama hannun nan mai yatsu shida, hawaye suka cika mata ido.

Cindo ya zabura, ya cire hularsa ya hau yi mata fifita da iyakar ƙarfinsa.

"Iya, don Allah ki mayar da hawayen nan! Likita ya ce kada ruwa ya taɓa. Ki bari sai nan da mako biyu, sai mu yi kukan tare."