Rasuwar Rile na Famfon Mai, da Gargaɗi ga Masu Jiran Makulli

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Goggo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar amintaccen hadiminta, rile na famfon man motarta. Tana roƙon a karanta da kyau: rile ne ya rasu, ba motar ba. Masu murna su dakata.

Ga wanda bai san mamacin ba, ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, mai ƙafa huɗu, mazaunin akwatin fiyus kusa da batir. Aikinsa guda ne. In Goggo ta murɗa makulli, sai ya ce "ƙyas", ya sakar wa famfon mai wuta, mota ta tashi. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa cewa ta tsufa ba, abin da ba za a iya faɗa a kan 'ya'yan da ta haifa ba. Da wannan "ƙyas" ɗin take zuwa kasuwa da dubiya da gidan ƙawarta, ba tare da ta roƙi kowa ya kai ta ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da fitilar gargaɗi da ta kama a gaban sitiyari. Sai mota ta shiga mutuwa a kan hanya, fiyus yana ƙonewa, a sa sabo ya sake ƙonewa. Autanta, mai hannu da sauri da ƙaramin sani, ya gaji da saye, ya samo waya mai kauri ya murɗa a gurbin fiyus ɗin, ya kaɗe hannu yana jiran a yaba masa. A asibiti wannan shi ne toshe bakin mara lafiya don ya daina nishi. Wutar da ya kamata ta tsaya a fiyus ta wuce kai tsaye kan rile, bawan Allah ya yi ta haƙuri har ya narke. Maganarsa ta ƙarshe ba "ƙyas" ba ce, wani ɗan "zzz" ne da warin roba.

Tun gawa ba ta huce ba babban ɗanta ya iso da hukunci a aljihu. "Goggo, tsufa ne. Ke da motar duk ku huta. Ki ba ni makullin, duk inda za ki a kai ki." Har mai sayen tsoffin ƙarafa ya yi wa magana. Goggo ta san wannan "a kai ki". Ma'anarsa zaman tsakar gida da mayafi a kafaɗa, ana jiran wanda ya ce yana nan tafe. Ta tsorata, ba za ta musa wannan ba, amma ta ce da shi, "Shekarun da na yi a ɗakin marasa lafiya sun koya mini, wanda ya ce tsufa ne bai duba ba, malalaci ne. A duba tukun."

Aka jawo motar zuwa wajen mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Ya jona na'urar gwaji, ta fito da lambar laifi: wuta na zurarewa zuwa ƙarfen mota a layin famfon mai. Ya gwada mamacin, babu rai. Ya ƙi sa sabo, ya ce sai an kama wanda ya kashe na farko. Ya bi wayar da mita, taki-taki, har ƙarƙashin kujerar baya. Can aka same ta tsirara, ƙafar kujera ta danne ta ta cinye robar. Kowa a gidan ya san wanda ya taɓa cire kujerar nan don ɗaukar firjinsa, ya mayar da ita a gurguje. Goggo ba za ta ambaci suna ba, amma shi ne babba a ɗakinta.

Mai wayarin ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa, ya naɗe, ya kawar da wayar daga ƙafar kujera. Ya zare aikin Auta ya sa fiyus na gaskiya. Ya aro rile na hon ya dasa a gurbin mamacin, mota ta tashi bugu ɗaya, ya goge lambar ba ta dawo ba. Goggo ta yi kuka, kuma ba ta ji kunya ba.

Mamacin ya bar motar cikin ƙoshin lafiya, da 'yan'uwansa na fitila da na fanka, da na hon wanda ya riƙe masa aiki kafin a kawo magaji. Ya bar Goggo da idanunta biyu garau da lasinta mai rai.

Za a ɗauki gawar gobe da hantsi daga ƙofar gida. Babu zaman makoki, domin mai makokin tana da wuraren zuwa. Ita za ta tuƙa, Auta zai zauna a baya ya riƙe mamacin a tafin hannunsa. Za a tsaya a ofishin babban ɗanta, inda ya ce a kai masa makulli. A nan za ta buɗe hannunsa ta sa masa mamacin, ta rufe, ta wuce kasuwa.